Wa ke riƙe da sitiyarin motocin da ke yawo a duniyar Mars?

Sadauki_Fagge: Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokina kan motocin binciken nan da Amurka ta sauke a duniyar Mars. Ni na ce akwai mutum a nan zaune gaban allo, rimot a hannunsa, yana kallon hanya yana karkata ta dama da hagu. Shi kuwa ya rantse babu hannun kowa, kwamfutar cikinta ce ke yin komai tun ranar da aka harba ta. Masana ku raba mu. In kuma har daga nan ake tuƙa su, me ya sa ake ta maganar kashe maƙudan kuɗi a tura ɗan Adam can?

Malam_Fizis: Wa alaikumus salam. Kai da abokinka kowa ya kama gefe guda ya saki ɗayan. Mutane ne ke tuƙa su, daga cibiyar JPL ta hukumar NASA da ke Pasadena a jihar Kalifoniya, sai dai ba da rimot ba. Nisa ne ya hana. Saƙon rediyo gudun haske yake yi, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, kuma babu abin da ya fi shi sauri. Duk da haka, in Mars ta matso kusa da mu ƙwarai sai ya ci minti 3 da ɗoriya kafin ya isa, in ta yi nisa kuwa har minti 22 yakan kai. Zuwa kawai ke nan, ban da dawowa.

Ɗauki ranar da saƙo ke cin minti 20. Hoton ramin da ke gaban motar zai yi minti 20 kafin ya iso idonka. Ka taka birki, shi ma birkin ya yi minti 20 a hanya. Curiosity, ɗaya daga cikin motocin, ko ta ƙure gudu ba ta wuce santimita 4 a daƙiƙa, amma a cikin minti 40 ɗin nan ta ci kusan mita 100. Ramin da kake gani a allo ta daɗe da afkawa ciki.

Yar_Damagaram: To Malam, in rimot ba ya aiki, da me suke tuƙin?

Injiniya_Sabo: Bari in karɓi Malam. Ga yadda yini guda yake tafiya. Da yammacin can motar takan miƙa hotuna da bayanan lafiyarta ga kumbunan da ke kewaya Mars, irin su Mars Reconnaissance Orbiter da Odyssey da TGO na Turai, su kuma su turo wa manyan eriyoyin da ke wurare uku a duniya: Goldstone a Kalifoniya, kusa da Madrid a Sifaniya, da kusa da Kanbera a Ostireliya. An warwatsa su ne don duk yadda duniya ta juya a samu wadda ke fuskantar wajen.

Da hotuna sun iso sai direbobi su sa tabarau mai nuna zurfi, su ga tudu da gangare da tsinin kowane dutse. Masana duwatsu su ce ga inda muke so a je, masu kula da batir su ce wuta ba za ta kai ba, masu kula da taya su ce ba ta nan ba. A yi ta ja-in-ja. In an daidaita sai a rubuta jerin umarni, a gwada shi a kwamfuta kan taswirar filin, wani ya sake dubawa, sannan a aika shi dunƙule guda da safiyar can. Motar ta yini tana aiwatarwa babu mai kallonta. Sai hotunan yamma sun zo a san ko ta isa ko ta tsaya a hanya.

Uwar_Hanan: Ashe aike ne ba tuƙi ba. Haka nake yi wa Hanan in za ta kasuwa: ki bi ta layin masallaci, ki tsaya wajen mai kayan miya, in babu attaruhu ki sayo tattasai, in kin ga karen gidan nan a kwance ki juyo gida. Da ta fita ƙofa kuma sai addu'a.

Injiniya_Sabo: Hajiya kin gama bayanin. Har wannan "in kin ga kare ki juyo" ɗin yana cikin umarnin: in karkacewarki ta wuce kaza ki tsaya, in taya na juyawa ba kya gaba ki tsaya. Kuma a nan ne abokin Sadauki yake da tasa gaskiyar, don kowace sabuwar mota ana rage mata tsawon aiken. Sojourner ta 1997 kusan mita 100 ta yi a duk rayuwarta ta wata uku. Perseverance, wadda ta sauka a kwarin Jezero ranar 18 ga Fabrairu 2021, ana iya nuna mata wuri a ce je ki can, ita ta zaɓi hanya tana tafe tana kauce wa duwatsu, kuma ta sha yin sama da mita 300 a yini guda. Amma inda za a je, da dutsen da za a huda, da ranar da za a ce a'a, duk na mutane ne.

Mai_Shakka: Ku dai kuna da saurin yarda. Ni tambaya ɗaya nake yi kullum ba a ba ni amsa: wa yake ɗaukar motar hoto? Ka gan ta tsaf daga gefe, gaba da baya, a duniyar da aka ce babu kowa. Haka wanda suka ce a wata ne, kumbo ya tashi kyamara na bin sa sama. Wa suka bari a ƙasa yana ɗauka? A wata hamada suke abinsu.

Gwanin_Hoto: Yau za ka samu amsa ɗan'uwa. Curiosity tana da hannu mai tsawon mita 2 da 'yan kai, da kyamara a ƙarshensa. Hotuna da yawa take ɗauka tana juya hannun, a nan duniya a ɗinke su wuri guda, kuma a kowane ɓangare a zaɓi wanda hannun bai shiga ba. In ka ƙura ido kan ƙasa a wasu hotunan za ka ga inuwar hannun. Ni da nake haɗa hoton taron biki mai faɗi daga guntaye, wannan ba abin mamaki ba ne a wurina.

Tarihi_Madubi: Na watan da Mai_Shakka ya kawo ma ai shi ne ainihin abin da Sadauki yake tambaya. Apollo 17 ne, tafiyar 'yan sama jannatin Amurka ta ƙarshe zuwa wata, Disamba 1972. Kyamarar tana kan motar da 'yan sama jannatin suka ajiye nesa kaɗan da kumbon, kuma wani ma'aikaci mai suna Ed Fendell ne yake juya ta daga Houston. Wata yana nesa da mu da kilomita 384,000, saƙo kan yi daƙiƙa ɗaya da 'yan kai kafin ya isa. Da ya jira sai ya ga tashin a allo, da kumbon ya fice daga hoton. Sai aka yi lissafi tun da wuri, ya riƙa danna umarnin ɗaga kyamara bisa agogo, kafin idonsa ya ga komai. A Apollo 15 da 16 an so a yi hakan bai yi kyau ba, sai a na ƙarshen.

Mai_Shakka: Duk labarin Amurkawa ne, su suka faɗa su suka tabbatar.

Tarihi_Madubi: To ga na abokan gabarsu. Tarayyar Sobiyet ce ta fara tuƙa mota a wata duniya. Lunokhod 1 ta sauka a kan wata ranar 17 ga Nuwamba 1970, mai taya takwas, kuma wannan kam da hannu ake tuƙa ta kai tsaye, daga wata cibiya kusa da Simferofol a Kirimiya. Mutum biyar ke zama a kanta lokaci guda: kwamanda, direba, mai duba hanya, injiniya, da mai saita eriya. Wahalarsu ba jinkirin daƙiƙa biyu da rabi na zuwa da dawowa kaɗai ba ne. Hoton ba bidiyo ba ne, guda ɗaya ne yake tsayawa a allo, wani lokaci har kusan daƙiƙa 20 kafin wani ya maye gurbinsa. Direba yana tafe yana ƙidaya a zuci, yana tuna dutsen da ya gani a hoton baya wanda yanzu ya shige ƙarƙashin kyamara. A haka ta yi kimanin kilomita 10 cikin wata goma. Lunokhod 2 ta 1973 ta yi kilomita 39 cikin wata huɗu kacal.

Kuma Malam Mai_Shakka, a jikin Lunokhod 1 akwai wani madubi ƙirar Faransa. A 2010 wani kumbon Amurka ya hango inda take, masana a jihar New Mexico suka harba mata hasken leza, ya dawo musu. Motar Rasha, madubin Faransa, hasken Amurka, bayan shekara 40.

Sadauki_Fagge: Kai! Ashe rimot ɗina yana nan, a wata ne kawai ba a Mars ba. Zan kai wa abokina wannan.

Malam_Fizis: Ku riƙe alƙaluman nan na Tarihi_Madubi, akwai magana a cikinsu. Kilomita 39 a wata huɗu, da kayan 1973. Opportunity, wadda ta sauka a Mars a Janairu 2004 da kwamfuta mafi kyau nesa ba kusa ba, sai a 2014 ta wuce wannan nisan, kuma ta ƙare da kilomita 45 bayan shekara 14. Bambancin ba na inji ba ne. Ɗaya direbanta yana ganin sakamakon hannunsa cikin daƙiƙoƙi, ɗayar sai gobe.

Bakanike_Kofar_Ruwa: Amma me ya kashe Lunokhod 2 a wata huɗu? Mai ne ya ƙare?

Tarihi_Madubi: Ba ta shan mai, hasken rana take ci. Tana da murfi a sama, cikinsa farantan sola ne, da rana a buɗe, in daren wata ya zo, wanda yake kai mako biyu, a rufe don ɗumi. Ta shiga wani rami da murfin a buɗe, ya gogi bango, ƙasa ta zubo a kai. Da aka rufe sai ƙasar ta juye kan lagireto. Gari na wayewa zafi ya rasa hanyar fita.

Bakanike_Kofar_Ruwa: Subhanallah. Abin da yaron shago zai share da tsumma a minti ɗaya.

Dokta_Zainab: Wannan maganar ta Bakanike ita ce amsar tambayar Sadauki ta biyu. Ni ilimin duwatsu na karanta, kuma ina gaya muku babu na'urar da ta kama ƙafar mutum a fili. Steve Squyres, wanda ya jagoranci binciken Opportunity da 'yar'uwarta Spirit, da kansa ya ce abin da motocinsa ke yi a yini guda mai kyau, mutum zai gama shi cikin ƙasa da minti ɗaya. Ka ɗauki dutse, ka juya shi, ka fasa da guduma, ka ga bai yi ba ka jefar ka ɗauki na gefensa. Ga mota kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin yini ne, da taro da sa hannu. A Apollo 17 ɗin da aka ambata akwai masanin duwatsu, Harrison Schmitt. Cikin kwana uku shi da Eugene Cernan suka yi kusan kilomita 36, suka dawo da kilo 110 na duwatsu. Duka tafiye-tafiyen Apollo kilo 382. Kumbunan Sobiyet uku marasa mutane da suka ɗebo ƙasar wata, in ka haɗa, gram 300 ne da 'yan kai.

Injiniya_Sabo: Dokta, da girmamawa, lissafin bai cika ba sai an sa kuɗi da rai a ciki. Apollo ya ci kusan dala biliyan 25 na wancan zamanin. Curiosity kimanin biliyan 2.5, kuma tun Agusta 2012 take aiki, ba ta neman ruwa, ba ta neman iska, ba ta neman a dawo da ita. Su Schmitt kwana uku suka yi suka gudo. Sannan masu ɗebo ƙasa ma sun girma: Chang'e 5 na Chaina ya kawo gram 1,731 a 2020, Chang'e 6 ya kawo sama da gram 1,900 a 2024, daga bayan wata inda ƙafar mutum ba ta taɓa zuwa ba. Akwai kuma wuraren da maganar mutum ba ta ma taso ba. Kumbon Sobiyet Venera 13 ya sauka a duniyar Zahra a 1982, zafi ya haura digiri 450, minti 127 ya yi ya mutu.

Dokta_Zainab: Injiniya ban ce a tura mutum Zahra ba. Amma dubi Perseverance, ta huda duwatsu ta cika bututai ta rufe, ga su can a Mars, wasu a cikinta wasu a zube a ƙasa, an yi ta kai-kawo kan kuɗin da za a je a ɗauko su. Mutum da ya je da jakarsa zai dawo.

Direban_Katafila: Ina karatu ina jinku, bari in sa baki duk da ban yi boko mai zurfi ba. Na daɗe ina aiki da motar haƙa. Rabin aikin nan ba da ido ake yi ba. In bakin shebur ya taɓa dutse ko bututun ruwa a ƙarƙashin ƙasa, a hannuna nake ji, da kujerar da nake zaune, da yadda kukan inji ke sauyawa, tun kafin in ga komai. An taɓa kawo mana wata ƙarama mai rimot a wani aiki, kana tsaye gefe kana sarrafawa. Ga ni ga ta, amma sai na zama baƙo a aikina, don hannuna ba ya jin komai. To su waɗannan da ke wata duniya, ta yaya suke sanin ƙasa ta yi laushi?

Injiniya_Sabo: Yallaɓai ka taɓo inda ke yi musu ciwo. Sau da yawa ba sa sani sai ta faru. A Afrilu 2005 Opportunity ta shiga wani tulin yashi. Umarnin da aka ba ta shi ne ta juya taya adadi kaza, ita kuwa ta yi ta juyawa tana nutsewa, a lissafinta tafiya take. Sai da aka zuba irin wannan ƙasa a wani fili a JPL, aka binne 'yar'uwarta ta gwaji, aka yi ta gwada dabaru, aka fito da ita santimita bayan santimita. Mako biyar aka yi. Bayan nan ne aka ƙara mata dabarar duba hoto tana tafe don ta gane ko gaba take yi ko haƙa. Spirit ba ta yi wannan sa'ar ba. A 2009 ta burma cikin ƙasa mai ɓawo a sama da laushi a ƙasa, ga taya ɗaya dama ta mutu tun 2006. Ba ta fita ba, ba ta iya karkata farantanta ga rana ba da sanyi ya shigo, a Maris 2010 aka ji ta na ƙarshe.

Dokta_Zainab: Ita wannan matacciyar tayar ma ta yi rana. Da baya Spirit take tafiya tana jan ta, sai ta kankare ƙasa a 2007 ta tono wata farar ƙasa mai yawan silika, irin wadda ruwan zafi ke bari. Yana cikin manyan abubuwan da ta gano, kuma babu wanda ya tsara shi.

Dalibin_Zariya: Baba Direba, abin da ka ce hannunka ba ya ji, shi Turawa suke ta aiki a kai. A Satumba 2015 ɗan sama jannatin Denmark, Andreas Mogensen, yana tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ya sarrafa wani mutum-mutumi da ke ƙasar Holan, ya sa masa ƙusa a wani matsattsen rami. Sandar da ke hannunsa tana turo shi baya daidai yadda ƙarfen ke cijewa a ƙasa, don haka da ji ya gano bakin ramin. Karo na farko minti 45 ya ɗauka, na biyu bai kai 10 ba. A Nuwamba 2019 Luca Parmitano na Italiya ya tuƙa wata motar daga can sama, a wata rumfar jirage a Holan, ya tsinci duwatsu da hannunta yana jin nauyinsu, masana a ƙasa suna gaya masa wanda zai ɗauka. Jinkirin bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Manufar ita ce, maimakon a zaɓi mutum ko na'ura, a kai mutum kusa. Ya zauna a kumbo yana kewaya Mars, ko a kan ƙaramin watanta Fobos da ke kimanin kilomita 6,000 daga doronta, motoci suna ƙasa yana tuƙa su kai tsaye. An huta da sauka da tashi, waɗanda su ne mafi haɗari.

Direban_Katafila: To wannan in da ana ɗaukar ma'aikata da na nema.

Yar_Damagaram: Ni dai wannan dabarar ban gane mata ba. Ka yi wata bakwai a hanya, ka sha hasken nan mai cutarwa da ake faɗa, ƙasusuwanka su yi rauni, ka iso bakin ƙofa, sannan a ce kar ka shiga, leƙa ta taga? Wane ɗan Adam ne zai yarda?

Dokta_Zainab: Ƙanwata akwai dalili ɗaya da ni kaina yake sa ni jinkiri. Abin da ake nema a Mars shi ne alamar ko rai ya taɓa zama a can. Jikin mutum cike yake da ƙwayoyin halitta, rigarsa tana fitar da iska, ba a iya gasa shi a tanda yadda aka yi wa kumbunan Viking kafin a harba su. Ranar da ya taka wurin, duk abin da aka samu daga baya sai an yi gardamar ko namu ne muka kai. A wuraren da ake zaton akwai danshi, gara na'ura mai tsabta ta fara shiga.

Talaka_Bawan_Allah: Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Mu da wutar awa huɗu ta gagare mu, ina ruwanmu da wanda ke tuƙi a Mars? Biliyoyin nan da rijiyoyi aka haƙa da su.

Baba_Na_Gwale: Yaro, kuɗinsu ne ba naka ba, kuma da ruwanmu tun kafin a haife ka. A farkon shekarun 1960 NASA tana da tashar bibiyar kumbo a nan Kano. Lokacin da ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya kewaya duniya a Fabrairu 1962, da ya biyo ta samanmu da tashar Kano ya yi magana, har ya ce musu yana hango ƙura ta tashi a hamada. Lokacin hunturu ne. A 1963 kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2. Ba baƙin abin ba ne mu, sakaci muka yi.

Dan_Faskari: Baba ka manta da namu. A Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami, ƙasar Katsina, daga baya bincike ya nuna ɓallin Mars ne. Su suna kashe biliyoyi su ɗauko, mu har gona aka kawo mana.

Yar_Damagaram: Mu ma an tsinci wani a yankin Agadas a 2023, ya fi kilo 24, sai ji muka yi an yi gwanjonsa a New York a 2025 kan sama da dala miliyan 5. Gwamnati ta ce a binciki yadda ya fita. Wannan maganar in aka buɗe ta ba za mu tashi ba.

Dalibin_Zariya: Ga Talaka_Bawan_Allah: ba sai mai biliyoyi ba. Indiya ta sauke Chandrayaan-3 kusa da kudancin wata ranar 23 ga Agusta 2023 da kuɗin da bai kai dala miliyan 100 ba. 'Yar motarsu Pragyan daga Bangalor ake ba ta umarni, ta ci karo da rami mai faɗin mita 4, suka sa ta ja da baya ta sake hanya. Kuma ilimin bai tsaya a sama ba. A 2001 likita yana New York ya cire wa wata mata matsarmama tana Strasbourg a Faransa, da hannun mutum-mutumi. Masu aikin ƙarƙashin teku da masu kwance bam duk wannan fasahar ce.

Sadauki_Fagge: Mu dawo kan hanya don Allah. Wani abu ya tsaya mini. Tunda sai an rubuta umarni an aika, in mai rubutun ya yi kuskure fa? Babu dawo da shi?

Malam_Fizis: Babu. In ya tafi ya tafi. Viking 1 ya yi shekara shida yana aiki a doron Mars, a Nuwamba 1982 aka aika masa gyaran manhajar batir, sai rubutun ya hau kan wurin da aka ajiye bayanin saitin eriya. Ya kau da kai daga duniya, ba a sake jin sa ba. Kumbon Sobiyet mai suna Fobos 1 a 1988, harafi ɗaya aka yi kuskurensa, ya kashe injinan da ke daidaita shi, farantansa suka bar kallon rana, batir ya mutu. Ko a Yuli 2023 an karkatar da eriyar kumbon Voyager 2 da digiri 2 bisa kuskure, sai da tashar Kanbera ta aika saƙo da dukkan ƙarfinta kafin ya ji ya juyo. Shi ya sa ba mutum ɗaya ke rubutawa ya aika ba.

Akwai ma lokacin da ake hana aikawa gaba ɗaya. Kusan duk wata 26 rana takan shiga tsakaninmu da Mars, tana iya lalata saƙo a hanya ya isa da wata ma'ana. Sai a ba motocin ɗan aiki mara haɗari, a yi kusan mako biyu ba a ce musu komai ba.

Injiniya_Sabo: Amma a faɗi ɗaya gefen ma. Voyager 1, wanda aka harba a 1977, ya fara turo shirme a Nuwamba 2023. A lokacin yana nesa da sama da kilomita biliyan 24, saƙo kan yi awa 22 da rabi kafin ya isa. Ka yi tambaya ranar Litinin, amsa sai Laraba. A haka suka gano guntu ɗaya ne na ma'ajiyar kwamfutar ya mutu, suka yanyanka manhajar suka rarraba ta a sauran wuraren da ke da sarari, a Afrilu 2024 ya dawo hayyacinsa.

Mai_Shakka: Na bar maganar hoto. Amma jirgin nan mai saukar ungulu da suka ce ya tashi a Mars, shi ma aike ne? Jirgi ai ba ya tsayawa ya jira gobe.

Dalibin_Zariya: Shi ne ma ya fi kowa cin gashin kansa. Ingenuity, kilo 1.8. Iskar Mars ba ta fi kashi 1 cikin 100 na kaurin tamu ba, don haka fukafukansa sai sun yi juyi kusan 2,400 a minti. Ana ba shi hanya da tsayi da wurin sauka, sauran gyare-gyaren da ake yi sau ɗaruruwa a daƙiƙa shi yake yi, da kyamarar da ke kallon ƙasa. Tashin farko, 19 ga Afrilu 2021, daƙiƙa 39 ne, kafin labari ya iso duniya ya daɗe da sauka. An shirya masa tashi 5 ya yi 72. Abin da ya kayar da shi a Janairu 2024 fili ne mai yashi sumul, babu dutse babu alama, kyamarar ta rasa abin da za ta riƙe ta auna gudunsa, ya sauka a karkace fiffike ya karye.

Dokta_Zainab: Wanda matuƙi mai ido, yana zaune a Fobos ɗin Dalibi, da ya saukar da shi lafiya.

Injiniya_Sabo: Ko kuma na gaba a sa masa manhajar da ta san yashi, a kuɗin da bai kai na abincin matuƙin ba. Kafin a gama gina kumbon da zai kai mutum Fobos ya dawo da shi, Dokta, motocin nan sun sake wayo sau nawa?

Dokta_Zainab: Wayon kauce wa dutse daban, sanin dutsen da ya cancanci a tsaya a kansa daban. Curiosity tana iya zaɓar dutse ta harba masa leza da kanta, na sani, amma irin wanda aka ce mata ta nema take nema. Farar ƙasar Spirit babu wanda ya ce a nemo ta, mutum ne ya gani a hoto ya ce a koma.

Uwar_Hanan: Ni tausayin direbobin ya kama ni. Suna kwana kuwa?

Injiniya_Sabo: Da farko da ƙyar. Yinin Mars ya fi namu da kusan minti 40, kuma a wata ukun farko bayan sauka da agogon can suke aiki. Yau ka shiga ofis ƙarfe 8, gobe 8:40, bayan mako biyu da 'yan kwanaki kana fita aiki da dare. Daga baya sukan koma agogon duniya, shi ya sa wasu ranakun hotuna ba sa isowa a kan kari, sai motar ta yi aikin da ba ya bukatar motsi. A lokacin korona a 2020 ma daga gidajensu suka riƙa tuƙa Curiosity, da tabarau mai ja da shuɗi, don na ofis ba ya aiki da kwamfutar gida.

Bakanike_Kofar_Ruwa: Tayoyin Curiosity fa da na ga hotonsu duk sun huhhuje, wa ke yi musu faci?

Injiniya_Sabo: Babu. Alminiyom ne siriri, tsinin duwatsu ya fara cin su tun 2013. Sai dai a zaɓar mata hanya mai yashi-yashi, wani lokaci a tuƙa ta da baya, kuma a 2017 aka aika mata manhajar da ke daidaita gudun kowace taya in tana hawa dutse don kada sauran su tura ta kan tsini. Lokaci-lokaci a ɗauki hoton tayoyin da kyamarar hannu a ƙirga ramukan.

Bakanike_Kofar_Ruwa: A ƙirga kawai? To Dokta, in za ku tafi ku tafi da mai walda.